Malam Rufe-Ƙofa da Ajin Waya

Shekara ashirin da shida Malam ya yi yana koyar da kiwon lafiyar al'umma a jami'a, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa shigo masa aji bayan ƙarfe takwas. Da kansa yake murza mukulli ya jefa a aljihu. Ɗalibai suka sa masa suna Rufe-Ƙofa, shi kuwa har daɗin sunan yake ji. Ba mugu ba ne, ya dai ɗauka duk wanda ya makara raina shi ya yi.

Da jami'a ta buɗe karatu daga nesa, aka ba shi ɗalibai ɗari biyu da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da ya fara tambayar injiniyan da ya haɗa masa na'urar shi ne, "Wannan ajin naku na waya, yana da ƙofa?" Aka nuna masa inda zai danna ya rufe. Shi ke nan, hankalinsa ya kwanta.

Akwai wata ɗaliba da kullum sai takwas da kwata take neman shiga. Sunanta ya fito a gefen allo, Malam ya kau da kai. Sau tara ana haka. Ranar Laraba ya tura wa ofishin jarrabawa sunayen waɗanda ba su cika zaman aji ba, nata ne a sama. Wanda aka tura sunansa kuwa ba zai zauna jarrabawa ba sai baɗi, doka ce, kuma shi ya tsaya kai da fata aka kafa ta.

Washegari ya buɗe mata, don kawai ya wanke ta a gaban jama'a.

"Kunna kyamara mu ga sarauniyar barci."

Ta kunna. Mace ce da ta kai arba'in, cikin fararen kayan jinya, tana zaune a kan rufin kwano, hannunta ɗaya riƙe da ƙarfen tankin ruwa. Kan tsani na leƙowa a bayanta.

"Malam, a yi haƙuri," in ji ta, tana haki. "Ƙaramin asibiti ne, ni kaɗai ce da safe. Sai na gama ba da magani nake hawowa, nan ne kaɗai waya ke kamawa. In na tarar a rufe, nakan ɗan zauna ko za a buɗe."

Kunya ta rufe Malam, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Darasin ranar ma a kan ƙarancin ma'aikatan lafiya a karkara ne. Ya duba takardarsa, ya kasa karanta ko layi ɗaya.

"Yau dai na samu shiga, na gode Allah," ta ce da murmushi. "Malam, jarrabawar wane babi za ta fi taɓawa? Ina so in fara shiri tun yanzu."