Wuƙaƙen Baba a Gwangwanin Biskit

Shekara talatin da biyu Baba ya yi a gidan waya, a ɗakin baya inda ake sauke buhunan wasiƙu. Aikinsa shi ne ya yanke igiyar bakin buhu, ya zazzage, ya rarraba. An ba su almakashi, shi bai taɓa ɗauka ba. Wuƙarsa mai naɗewa yake zarowa daga aljihun dama, ya buɗe ta da farcen babban yatsa, ƙas, igiya ta faɗi. A nan abokan aiki suka sa masa Mai Wuƙa, sunan kuwa ya bi shi har bayan ritaya.

Da guda ɗaya ya fara, mai ƙotar ƙaho, gadon ubansa. Sauran tsinto su ya yi ɗaya-ɗaya. Wata daga wurin 'yan gwanjo, wata daga hannun direban motar wasiƙu, wata kuma tsatsa ta cinye ta har ba ta buɗuwa, sai da ya jiƙa ta a kananzir mako guda. Suka kai talatin da ɗaya, a cikin gwangwanin biskit, kowace naɗe da ƙyallenta. Marigayiya matarsa takan ce da wuƙaƙen nan 'ya'ya ne, da sun fi nata ƙiba. Ba farauta yake yi ba, ko kaza ba ya son yankawa. Fensir yake fiƙewa, ya ɓare lemo, ya datse zaren da ya zaro a rigar maƙwabci ko ba a roƙe shi ba.

Kullum da safe yakan zauna a ƙofar ɗaki da dutsen washi da man keken ɗinki. Ya zaɓi wadda za ta yini a aljihunsa, ya ɗiga mata mai a gaɓa, ya wasa ta, sannan ya gwada a gashin hannunsa na hagu. In ta aske, ta yi. Shi ya sa hannun nan daga wuyansa zuwa gwiwa yake sumul kamar kwalba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar makaranta ce, ita ta dawo gidan bayan rasuwar uwar. A gabanta hannunsa ya fara rawa. Likita kuma ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini saboda zuciya, ya ce ko aski a yi masa a hankali. Ba a yi wata ba ya yanke a babban yatsa yana ɓare mata lemo. Ɗan yanka ne, amma jinin ya jiƙa tawul biyu, sai a asibiti aka tsayar da shi.

Da suka dawo ta ce, "Baba, ka ba ni gwangwanin nan in ajiye."

"Ki haɗa da wandona ki ajiye," in ji shi. "Mutum ba wuƙa a aljihu ai tsirara yake yawo."

"Jininka ba ya tsayawa."

"Na kusa tamanin yana tsayawa, yau ne zai koyi gudu?"

Ta san halinsa, in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Sai ta yi dabara. Ran nan yana barcin rana ta zaro wuƙar daga aljihun rigarsa da ke rataye, ta goga bakinta a simintin dandamali har ya mutu, ta mayar. A ganinta an raba gardama: yana da wuƙarsa, tana da kwanciyar hankalinta.

Washegari ya wasa ta ya fi na kullum daɗewa kafin ta aske. Da rana Auta ta sake gogewa. Ya canza wata, ta bi ta. Ranar Asabar ta zauna ta dakusar da duka talatin da ɗayan, har yatsunta suka yi kanta. Idonsa ya riga ya yi rauni, bai ga zanen siminti a bakin ƙarfen ba. Kuma da hannu mai rawa, wuƙar da aka kashe haka ba ta tashi da washin safiya ɗaya. Auta tana shirin makaranta tana jin ƙarar dutsen, ta dawo ta tarar da shi a wurin, rigarsa duk mai. Yana kankare hannunsa, gashi yana kwanciya ya tashi.

Bai zargi kowa ba. Wa zai taɓa masa gwangwani? A kwana na goma ya rufe murfin, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Karɓi, Auta. Hannun ya tafi. Washin da nake yi tun ina ɗan shekara tara, yau ƙarfe ya daina jin maganata."

Abin da ta nema ke nan, ta samu. Ta ɗora gwangwanin a kan kabad.

Daga ranar bai ƙara zama a ƙofar ɗaki ba. Ba ya tashi da wuri, tunda babu abin da zai tashi ya yi. Maƙwabta suka daina jin muryarsa. Hannunsa yakan tafi aljihun dama da kansa, ya lalube, ya dawo. Gashin hannun hagu ya tsiro, fari fat, Auta ba ta taɓa ganinsa ba tun da aka haife ta. Ganin gashin nan ne ya karya ta. Ta sauko da gwangwanin, ta durƙusa a gaban gadonsa.

"Baba, ni ce. Ni nake goga su a siminti kana barci. Hannunka bai tafi ba."

Ya kalle ta, ya yi ɗan murmushi.

"Allah ya yi miki albarka. Uwarki ma haka take, ba ta iya ƙarya ba."

"Wallahi, Baba. Zo ka ga dandamalin, duk zane ne."

"Bar rantsuwa saboda tsoho. Na san abin da hannuna yake yi."

Ta kai mai ƙotar ƙahon wurin mai washi a kasuwa, ta kawo masa tana ƙyalli. Ya shafa bakin da yatsa, ya ce injin ya cinye mata ƙarfe, ya naɗe ta, ya mayar mata. Bai sa a aljihu ba.

Wata biyar ya ƙara. Zuciyar ce ta tsaya, da hantsi, yana zaune. Babu ko ƙwarzane a jikinsa, likita ma ya yaba da yadda aka kula da shi.

Yayyen Auta maza suka raba wuƙaƙen a tsakaninsu, suna ta mamakin yadda tsohon ya bar su a dakushe haka. Mai ƙotar ƙahon kaɗai ta riƙe, tana cikin jakarta tare da alli da jan biro. Bakinta ya sake mutuwa, kuma Auta ba ta iya washi ba. Sau da yawa ya ce ta zauna ya koya mata, ta ce tana da takardun yara da za ta duba.