Talatin-Talatin ɗin Baba Ba Ta Musanya Ba Ce

Ƙarfe biyar na yammacin Asabar, shekara guda da rasuwar mijin yayata, wanda kowa ke kira Baba, ni da babban ɗansa muna garejin gidansu. Ya ɗauko tsohuwar bindigar mahaifinsa, wadda ake kira talatin-talatin, ya ce zai kai ta wani kantin bindigogi a titin High Point Road a musanya masa da wata babba mai tsada da ake kira magnum, wai wannan ta talakawa ce.

Na ce, "Ajiye ta."

Baba mutum ne mai tsari. Na farko, ƙaramar bindiga da ake kira ashirin da biyu, don dabbobin da ke haƙa rami suna cinye masa kuɓewa. Na biyu, talatin-talatin, don barewa. Babu na uku. Yakan ce, "Harsashin da kake jin ciwon harba shi saboda tsada, ba za ka koyi saiti da shi ba."

Ina tuna wata safiyar Nuwamba da muka fita farauta da Baba. Ganye ya jiƙe, yatsuna sun ƙage, rigarsa tana warin man bindiga. Abokan farauta suka yi wa bindigarsa dariya. Ya jira barewa ta matso, ya yi bisimilla, ya harba sau ɗaya. Nama bai lalace ba, har maƙwabta suka samu.

A garejin, ɗan ya ce, "Kawu, zamani ya wuce ta."

Na kulle ta a motata. Na ce ranar da ya koyi saiti da ita, ya zo ya karɓa.

Kai da ka ci naman nan, roƙa masa gafara yau. Allah ya haskaka kabarinsa.