Sandar Golf Daga Ƙofar Guga

Duk Kano ba wanda ya kai ni sanin wasan golf. Haka na faɗa wa surukina, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke buga shi duk Asabar, alhali a talabijin kaɗai na taɓa gani. Ya ce to in zo da sandata mu gwada. Sabuwa kuwa tsadarta sai mutum ya jinginar da gona. Sai wani abokina ya ce akwai tsoho a Katsina da ya gaji sana'ar sassaƙa irinta.

Mun tashi da asuba, ni da abokin nawa, a motar haya. Hanya ba laifi, sai dai direban ya cusa mu har numfashi ma karɓa-karɓa muke yi. A Kankiya muka sha fura mai kauri, wadda ludayi ke tsayawa a cikinta kamar soja. Da hantsi muka shiga Katsina. Mai Keke Napep ya kai mu Ƙofar 'Yandaka, masu sayar da sandunan makiyaya suka ce mu nufi Ƙofar Guga.

Tsohon na zaure, sanduna jingine ko'ina. Gaisuwa kaɗai ta isa a dafa wake. Ya ce mahaifinsa ne ke yi wa Turawa gyaran sandar golf, lokacin da ƙotarta itace ce. In ta karye ya sassaƙa wata, ya naɗe mariƙin da jan fatar akuya. Da na ƙarfe suka shigo, sana'ar ta koma hannun 'yan gwanjo, gidansu kuma ya juya ga wasu sandunan. Ban bari ya ƙarasa ba. Na nuna mafi tsawo, ta gora, mai kai kamar guduma, na ce ta wasan manya nake so.

"Alhaji, ka daɗe kana hawa?" in ji shi.

Na ɗauka hawa filin wasa yake nufi. Na ce tun ina yaro. Ya dubi tumbina, ya ce Allah ya ba mai ɗauka haƙuri. Ashe a Katsina in ka ce wasan manya, ƙwallon dawaki ake nufi. Farashi ya yi sauƙi, har na ƙara masa na goro. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, muka juyo, sandar na leƙe ta taga har Kano.

Tafiyar ta koya mini cewa in tsoho na ba da tarihi, a bari ya kai aya. Amma sai ranar Asabar na gane hakan, da na isa fili ina saɓe da ita gaban abokan surukina. Surukin nawa ya karɓa, ya jujjuya ta, ya miƙo mini.

"Sanda ta yi kyau, ɗana. Dokin fa, a tasha ka baro shi?"