Ranar da Bismillah ta dawo bakina

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tambayata, ku yafe ni. Kunya ce ta hana.

Wata safiya ina alwala, ruwan kurkure baki ya zubo ta gefe. Na duba madubi. Bakina ya karkace, idon hagu ya ƙi rufuwa. Na ɗaura niƙabi har a cikin gida, na ce wa Umma mura nake yi.

Kwana shida ina ɓoyewa. Karatu ne ya tona ni. Ina biya wa Umma hadda, Bismillah ta ƙi fita, leɓɓana sun ƙi haɗuwa. Ta ɗaga niƙabin da kanta, ta saka salati.

A mustashfa, wato asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai. Daktora ta ce jijiyar fuska ce ta kumbura. "Da kin zo da wuri, ya binti." Ta ba ni ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido.

Wata guda fuska ba ta motsa ba. Tsorona ɗaya, kada in rayu ban ƙara karanta Fatiha daidai ba.

Da yardar daktora Kawu ya kai mu unguwar Misfala wurin Ammu Yunus, wani tsoho Musulmi ɗan ƙasar Sin. Matarsa ke soka mini allurai sirara kamar gashi, shi yana nuna mata wurin. Ranar farko ya ce in fito da harshe ya gani. Na sunkuyar da kai. Sai ya fito da nasa. Na yi dariya da rabin baki.

Yana da wani tsohon littafi, rubutun hannu da baƙaƙen Larabci. Umma ta leƙa ta ce, "Laa, ajami ne!" Ta yi ta haɗa baƙi, ko kalma ba ta gane ba. Ya ce harshensu ne. Kakansa ya fara, babansa ya ɗora, shi ma yana rubuta kowane majinyaci da ranar da ya warke. Ya nuna mini layina. Rabinsa babu komai.

Duk zuwa sai ya ce, "Yalla, Bismillah."

A sati na tara ta fita tas. Umma ta fashe da kuka. Shi kuwa ya ɗauki alƙalami ya cike layin.

Alhamdulillah. Allah ya saka wa daktora da Ammu da matarsa da alheri.

'Yan'uwa, in fuskarku ta canza, ku tafi asibiti a ranar. Kada ku ɓoye wa iyayenku kamar ni. Niƙabi ya rufe mini fuska, amma bai yi mini magani ba.