Daidai a Idon Wa?

Jiya jikata ta wuni tana bitar darasin Turanci, wai yadda ake cewa wannan daidai yake da wancan a tsawo ko a nauyi. Ban yi nisa a boko ba, don haka ban tsoma baki ba. Amma ta tuno mini da Kaka.

A Wara muka tashi, bakin ruwa. Bayan magariba Kaka takan zauna gindin wutar banda tana juya kifi, mu kewaye ta, hayaƙi na cin idanunmu. "Ku matso, 'yan nema, ga tatsuniya ta iso," in ji ta.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Ruwa ya ci wata mata. Mijinta ya yi ta kuka a gaɓa har aljanin ruwa ya tausaya, ya fito masa da wata: tsawo ɗaya, murya ɗaya, har wushiryar. Gari ya yi murna. Ɗiyar marigayiyar kaɗai ta ƙi cin tuwonta.

Na ce, "Taurin kai ne, Kaka. Ai daidai suke."

Ta nuna ni da itacen juya kifi. "Daidai a idon wa, mai ƙaton kai? Ta san inda yarinyar ke son a sosa mata in barci ya ƙi?" Muka yi dariya, muka ci kifi, na manta.

Da matata ta fari ta rasu, ta bar mini Rabi, ko makaranta ba ta shiga ba. Dangi suka ba ni ƙanwar marigayiyar, Hauwa, kamarsu ɗaya. Ranar tarewa na kamo hannun Rabi na ce, "Ga Innarki, daidai take da waccan. Kada in ƙara jin kuka." Ta ƙi kiranta Inna, na dake ta, ta kira. Tun ranar ba ta ƙara kawo mini damuwarta ba. Hauwa kuwa, Allah ya jiƙanta, ta ƙare rayuwarta ina auna ta da wadda ke kabari. Sauƙi na nema wa kaina, su biyu suka ɗauki nauyin.

Yanzu Rabi tana Shanga da nata jikokin, ni kuma gwiwoyina sun daina yarda da kwalekwale. Takan kira ni a waya da Salla, gaisuwa cikakkiya, ba abin kushewa. Bana na yi ƙarfin hali na ce, "Rabi, kina tuna Innarki? Ta farin nake nufi."



"Baba, ai guda ɗaya na yi," ta ce. "A gaida mutan gida."