Mai Tsintar Duwatsun Filinmu

Jiya ɗana ya buga wasansa na farko a ƙungiyar ƙwallon jami'a, a filinsu na gida. Ina shiga na kama duba ƙasa, ina neman dutse. Ciyawar roba ce, ba abin tsinta. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Muna samari, duk ranar da baƙi za su zo filinmu na unguwar Mansur buga wasa, Kawu yakan tuɓe takalmi bayan la'asar, ya bi ƙasar nan mai zafi yana tsince duwatsu da fasassun kwalabe. Kullum daga ragar baƙi yake farawa.

Wata rana na ce, "Kawu, yalla, yi sauri mana, namu ɓangaren fa?"

Ya ɗago, tafin ƙafarsa na jini, ya ce, "Ku ci su da ƙwallo, ya waladi, ɗana. Amma baƙo ba zai bar filinmu da rauni ba."

Yanzu motocin alhazai ke kwana a filin namu, Kawu kuma bai ga jikansa cikin rigar jami'a ba.

Allah Ya kawar da duk abin da zai soke shi a makwancinsa, Ya sa ƙasa ta yi masa laushi.