Sunan da Yayata Ta Gudu Daga Gare Shi

Ranar sunan yayata liman ya raɗa mata suna mai kyau, irin wanda ake ji a kowane gida. Amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi a gidanmu na Katagum ba. Ayashe ake ce mata, har Baba ma haka yake kiranta.

Ni na biyo ta, shekara uku tsakaninmu. Da na yi wayo, mutum biyu kawai na sani masu wannan suna a garin: Yaya, da wata tsohuwa mai sayar da daddawa a ƙofar gidanta. Yara kuwa ba sa barin abin tsokana ya wuce su. In mun fito daga firamare sai su biyo mu suna tafi suna cewa, "Ayashe, a yashe rijiya!" Yaya sai dai ta damƙe hannuna ta ƙara sauri.

Wata rana muka dawo muka tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Yaya ta tsaya a kanta, ko jaka ba ta ajiye ba, ta ce, "Inna, me na yi muku kuka ce a yashe ni?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta tashi da faifanta ta shige madafi. Kakarmu ce ta kira mu bakin ɗakinta, ta ce mu zauna.

"Kafin ke uwarki ta haifi biyar," in ji ta. "Babu wanda ya yi shekara uku. Da kika zo, sai muka sa ki a ƙwarya muka kai ki juji muka ajiye, muka juya baya. Maƙwabciya ta tsince ki, ta kawo mana riƙo. Muka ce a yashe ta, ba ma so. Mutuwa abin da ake so take ɗauka. Ga ki nan kuwa."

Ta ce a zamaninsu babu unguwar da ba a samun Ayashe, ko Ajuji, ko Abarta, domin wabi ya yi yawa, mace ta yi ta haihuwa tana binnewa. Daga baya malamai suka yi ta wa'azi a kan camfi, mutane suka fara jin kunyar irin sunayen, har suka ƙare sai a bakin tsofaffi.

Bayanin bai sanyaya zuciyar Yaya ba. Da ta tafi sakandare a Azare sai ta rubuta sunanta na yanka a komai, kuma da shi ta yi aure. Mijinta tela ne a cikin kasuwa, mutum mai sanyin hali, ba ya rasa jam'i. Ranar da na zo zama gidansu don karatun kwaleji, tun ban kwance kayana ba Yaya ta ja ni gefe. "In kika kira ni da sunan nan a garin nan, ba ni ba ke." Na ce na ji.

A gabana ta haifi ɗanta na fari. Yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya yi ta kuka ba ya son a taɓa shi. Aka ce haƙori ne, aka ce shawara ce, aka sayo magani a kemis. Bai cika shekara ba. Ta biyun mace ce, har ta fara tafiya tana bin bango, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Na ukun ya kai yaye, shi ma ya tafi. Bayan shi Yaya ta daina shiga gidan suna. Ni da kunnena na ji wata mata a layinmu tana ce wa 'yarta kada ta ba Yaya jaririnta ta ɗauka, wai mai wabi ce, a gida ta gado.

Da cikin na huɗu ya tsufa, Inna ta zo daga Katagum. Ba ta iya yi wa surukinta magana ido da ido, don haka ni ta aika. Na same shi a zaure yana cin abinci, na durƙusa na faɗa masa abin da Inna take so a yi in an sauka lafiya. Ya ajiye cokali.

"Ki ba Inna haƙuri," ya ce. "Ki ce mata rai da ajali a hannun Allah suke. Ba zan sa a kai ɗana juji ba."

Na kai wa Inna amsa. Yaya na kwance tana ji, ta ce, "Ai gaskiya ya faɗa." Inna ta ce, "To," ba ta sake tayar da zancen ba.

Mace aka haifa. A kwana na biyar, da hantsi, maigidan ya tafi kasuwa, Yaya ta kira ni ɗaki. Idanunta a bushe. Ta ce, "Ɗauko min babbar ƙwarya."

"Yaya, me za ki yi?"

"Ki ɗauko na ce."

Inna na zaune a bakin gado, ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba. Ita ce dai ta shimfiɗa zane a cikin ƙwaryar.

Jujin yana bayan layinmu, duk ledoji ne da tokar murhu, awaki na tono a kai. Yaya, da jegonta ɗanye, ta taka har can da ƙafarta. Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar, jaririyar ta fara kuka. Ƙa'ida ita ce ba a waiwaye. Muka juyo, ina riƙe da Yaya. Taku kaɗan ne zuwa ƙofar gida, amma ban taɓa yin tafiyar da ta fi ta tsawo ba. Wata dattijuwa da Inna ta shirya da ita ta ɗauko ƙwaryar, ta yi sallama ta ce, "Na tsinci yasasshiya a juji, ko akwai mai riƙe min?" Yaya ta fizge yarinyar ta rungume, sai a lokacin ta fashe da kuka.

Haka aka sake samun Ayashe a danginmu. Uban ya ji labari a wajen maƙwabta. Kwana biyu bai ci abincin gidan ba, a na uku ya ci, bai kuma taɓa yi wa Yaya maganar ba. Shi da sunan yanka yake kiran 'yarsa, mu kuma da wancan.

Tana wata takwas hannuwanta suka kumbura. Wannan karon ba a tsaya kemis ba, muka hau keke napep zuwa babban asibiti. Likitar da ta duba ta ta tambayi labarin ukun da suka rasu, sannan ta ce a auna jinin yarinyar, da na uwar, da na uban. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta yi mana bayani a hankali. Sikila ce. Yaya na ɗauke da rabin cutar a jininta, mijinta ma haka, su ba ta yi musu komai, amma duk ɗan da ya haɗa rabin biyu zai sha wahala.

Yaya ta ce, "Likita, mahaifiyata ta binne biyar kafin ni."

"Ban gan su ba, ba zan yanke ba," in ji likitar. "Amma zai iya zama ita ce."

"Ni kuma me ya sa na rayu?"

"Rabi kika ɗauko."

Da muka kusa gida Yaya ta kalli yarinyar a cinyarta. Ta ce, kamar da kanta take, "Ashe a banza na ajiye ta cikin shara."

Ni aka bar wa aikin gaya wa Inna da ta zo duba jikarta. Na yi ta kwana-kwana, amma ta gane. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Wato a jikina abin yake, ni da babanku. Ni na ba su, ni na ba ta." Na ce ba haka ba ne, ƙaddara ce. Ba ta saurare ni ba. Daga wannan zuwan ba ta ƙara kwana a Azare ba.

Yarinyar ta yi shekara shida da 'yan watanni. Siririya ce, idanunta na yin ruwan ɗorawa, ga surutu. Ƙyallayen da suka rage a shagon babanta take tarawa tana ɗaura wa 'yartsanarta, har da ɗankwali. Da damina ta faɗi ciwon ke tashi, ta riƙe gwiwa tana cewa ana sara mata ƙashi. Sau biyu aka ɗebi jinina aka ƙara mata. In ta ji sauƙi sai ta koma makaranta kamar ba ita ba.

Ita sunan bai taɓa damunta ba. Wata rana ina yi mata kitso ta ce, "Anti, kin san ni kaɗai ce Ayashe a makarantarmu? Malama ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba. Me yake nufi?" Na kalli Yaya, Yaya ta kau da kai. Na ce, "Sunan mamanki ne tana yarinya." Ta ji daɗi ƙwarai, ta yi ta faɗa wa ƙawayenta.

Ta rasu wata Laraba bayan la'asar, ana ruwa, a gadon asibiti, ledar jinin da aka ɗaura mata ko rabi ba ta yi ba. Babanta ne ya rufe mata ido.

Bayan arba'in dangi suka zauna, ɓangarensa da namu. Babu wanda ya ɗaga murya. Kowa ya san in suka ci gaba da zama, ko dai su haƙura da haihuwa, ko su sake shiga abin da suka fito. Yaya ce da kanta ta roƙe shi ya sawwaƙe mata. Ya ƙi har wata biyu, daga baya ya rubuta. Shi ya ɗauki akwatinta har tasha, ya sa a mota, ya tsaya a jikin tagar yana share fuska da hularsa har motar Katagum ta tashi.

Inna ta rasu bayan shekara biyu. Yaya tana gidanmu har yanzu, tana koyar da ƙananan yara a islamiyyar unguwa. Manema sun zo, ta ce a bar ta ta huta.

Da na haifi 'yata ta fari Yaya ta zo Azare barka. Na ce mata maigidana ya yarda a yi mata takwara. Ta ce, "Da wanne sunan?" Na ce duk wanda take so.

"Ko ɗaya," ta ce. "Ku nema mata nata."

Ta karɓi jaririyar, ta buɗe 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, hannu da ƙafa. Ta ce, "Kun dai yi gwajin?" Na ce mun yi tun kafin a kawo sadaki, maigidana ba ya ɗauke da komai. Ta sa na ɗauko takardar ta karanta da idonta. Sannan ta miƙo min yarinyar, ta ce za ta bi motar yamma, gobe akwai makaranta.